Sanyin Bana a Garkar Tahifet

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Wannan kaye, littafin rubutu, na shuka ne. Tun da na baro Mirriya na zo Tahifet, ƙauye cikin duwatsun Ahaggar, shekara goma sha ɗaya ke nan, a irinsa nake rubuta ranar da na zuba iri da ranar da ruwa ya zagayo kanmu. Yau na juya shi ta baya na soma wani rubutu dabam. Gwamma tana nan, lafiyarta lau, amma ba kowace magana mutum ke ɗora wa matarsa ba.

Rana ba ta leƙo garka ba sai tara saura kwata. Huɗu da rabi ta faɗa bayan dutse. A ɗan tsakanin nan zan ba alkama ruwa, in cire haki cikin albasa, in yanko wa awakin Alhaji Akhamuk ciyawa, don garkar tasa ce, awakin ma nasa. Da safe sai da na sa dutse na fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwan shansu. A gida ma ana sanyi, amma sanyin gida ba ya cinye wa mutum yini.

Bana duhun ya fi na kowace shekara. Na faɗa wa Gwamma haka muna shan kunu. Ta ce, "Haka ne, Malam." Ba ta ɗago kai ba.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan azahar

Tiyon ruwa ya harɗe ni sau biyu, na biyun har ƙasa. Na tashi ina faɗan wanda ya bar shi a kan hanya. Ni kaɗai ke aiki a garkar nan.

Juma'a, 12 ga Disamba, ƙarfe uku

Da aka fito masallaci Alhaji Akhamuk ya kamo hannun rigata. Yana jin Hausa irin ta mutanen ayari, ya koye ta yana saurayi a hanyar Damargu. Ya ce, "Sadiƙu, na yi maka laifi?"

Na ce, "Wane irin laifi, Alhaji?"

Ya ce jiya na wuce shi a bakin rijiya, ya ɗaga mini hannu har sau biyu, na bi ta gabansa kamar na wuce kututture. Na ce rawani ne, na naɗe fuska saboda iska. Ya yi dariya, ya ce sai yanzu na zama ɗan Ahaggar na gaske. Na taya shi dariyar.

Jiya ban sa rawani ba.

Lahadi, 14 ga Disamba, ƙarfe biyu

Gwamma ta ɗauke turmi daga inda yake tun zuwanta, ta kai shi jikin bango. Buta yanzu kullum tana dama da ƙofa, ko ina na bar ta can zan tarar ta koma. Jiya kuma ta ɗaura farin tsumma a ƙyauren garka. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na korar tsuntsaye. Na ce wane tsuntsu ne ke cin ƙyaure? Na tsinke shi na jefar, na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi ba cikin shekara ashirin da shida. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da yamma na je rufe garka na yi ta lalube kafin in kama sakata.

Kwanakin ne. In rana ta soma tsawo komai zai koma daidai.

Talata, 16 ga Disamba, sha biyu

Gajimare tun safe, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Na zauna bakin fangalin karoti har na manta abin da ya kawo ni.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe ɗaya

Hannuwana sun farfashe, Gwamma ta shafa mini man zaitun. Ɗakinmu na dutse ne da laka, taga ɗaya, ita ma mun toshe ta da buhu. Da an yi magariba ƙauyen nan sai ya mutu. Kowa ya shige, ba hira, ba tallar komai, ko kare ba ya haushi. A Mirriya yanzu ne ake hura wuta ƙofar gida, ana gasa dankali, ana musu kan kokowa. Nan mutum ya yi isha'i tun bai gama narkar da abincin rana ba, ya kwanta ya yi ta jiran asubar da ba ta zuwa.

Kaina na ciwo ta wajen hagu, daga gira zuwa ƙeya. Fitila kuma ta yi zobe kewaye da ita, kamar wata in ana shirin ruwa. Na ce wa Gwamma ta goge ƙwan. Ta goge. Na ce ta sake gogewa. Ta sake.

Kwanakin ne.

Lahadi, 21 ga Disamba, dab da magariba

Ba zan iya ba yau.

Litinin, 22 ga Disamba, hantsi

Jinin ya tsaya. Ɗinki bakwai.

Laraba, 24 ga Disamba, ƙarfe ɗaya

Ruwa ya zagayo kanmu ranar Lahadi da la'asar. Awa biyu gare mu kafin a juya shi garkar maƙwabci, rana kuma ta riga ta taɓa kan dutse. Ina ta sauri da hauya, in buɗe wannan fangali in toshe wancan. Gwamma ta ga zan makara ta fito taya ni. Ta ce ta yi mini magana. Injin ruwa na ruri, ban ji ba. Ta tsaya hagu da ni tana tura laka da ƙafa. Taki ɗaya tsakaninmu. Na ɗaga hauya na sauke.

Ban gan ta ba. To, na rubuta. Mace sukutum da jan zane, taki ɗaya, da sauran haske a gari, ban gan ta ba.

Ko ihu ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Malam, toshe ruwan tukuna."

Na goye ta har ɗakin magani na ƙauye, ita ke ce mini dama, hagu, ga dutse nan. Da mai ɗinkin ya tambaya, ta ce masa da ɗan Larabcinta hauya ce ta suɓuce mata. Za mu fita na bugi bakin ƙofa da kafaɗa. Ya kira ni, ya zaunar da ni, ya rufe mini ido ɗaya da tafin hannunsa. Ya ce, "Yatsu nawa?"

Na ce, "A ina?"

Ya sauke hannunsa. Can ya ce in sauka Tamanrasset wajen likitan ido, cikin satin nan, kada in ce sai sanyi ya wuce.

Juma'a, 26 ga Disamba, bayan masallaci

Mutane na yi mini jaje suna cewa mata sai a hankali da kayan aiki. Ina cewa haka ne.

Asabar, 27 ga Disamba, sha ɗaya

Ni ke girki. Na zuba gishiri sau biyu, na zubar da rabin miya gefen kwano. Ta cinye ta ce ya yi daɗi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba zan je ko'ina ba. Wa zai ba alkama ruwa? Takarduna na zaman ƙasar nan kuma sun daɗe da mutuwa, hanyar gari ba ta rasa shingen jami'an tsaro.

Litinin, 29 ga Disamba, azahar

Tara saura kwata. Huɗu da rabi. Ƙanƙara. Awaki. Haka jiya, haka shekaranjiya.

Talata, 30 ga Disamba, ƙarfe biyu

Na fito da ita tsakar gida ta sha rana, na ɗora ƙafar a kan buhu. Ina sake mata ɗauri ta ce, "Malam, zauna, magana zan yi."

Na zauna.

Ta ce, "Tun kaka na sani. Tun ranar da ka tsiyaya shayi a kan tire kana tsammanin kofi ne. Na ce bari in yi shiru, namiji ne, zai faɗa da bakinsa. Na yi ta kawar maka da kaya daga hanya. Da na san shiruna nan zai kai mu da ban yi ba."

Na ce gajartar rana ce, kowa ma yana fama.

Ta ce, "Ranar da ke kanka ita ke kaina. Ni ina zura zare a allura har magariba."

Ta kama hannuna, wanda ya riƙe hauyar, ta ce, "Ƙafata za ta warke. Ni ba ita nake wa kuka ba."

Sai a lokacin na san kuka take. Muna fuskantar juna, amma sai da ta faɗa.

Alhamis, 1 ga Janairu, hantsi

Na kira Abdulnasir, ɗan garinmu mai kanti a kasuwar Assihar ta Tamanrasset. Ya ce in zo Talata, shi zai kai ni. Na ce wa Alhaji haƙori ne ke damuna.

Alhamis, 8 ga Janairu, ƙarfe ɗaya

Na dawo jiya.

Na bi motar masu kai albasa, awa uku muna girgiza a baya cikin bargo. A shinge an leƙa buhuna kawai aka ce mu wuce. Ashe ba nan abin tsoron yake ba. Kasuwar da na sani kamar tafin hannuna, na shiga na rasa gaba na rasa baya. Mutane na ɓullo mini daga babu. Mai baro ya buge ni ya zage ni da Larabci, wata mata ta ce ko maye nake. Na tsaya cik tsakiyar hanya, ni da furfurata, har Abdulnasir ya hango ni ya zo ya ja ni. Daga nan har asibiti bakin rigarsa na riƙe.

Likitar mace ce, ba ta girme ƴata ba, ko ta girme ta da kaɗan. Ta sa na ɗora haɓa a kan wani inji, ta ba ni maɓalli, ta ce duk sanda na ga ɗigon haske in danna. Na zauna ina jira a kunna. Na jira, na jira. Na ce wa Abdulnasir ya gaya mata ba ta kunna ba. Ta ce an gama da na hagu, a koma na dama.

Bayan nan ta yi dogon bayani da Faransanci. Abdulnasir ya juyo ya ce, "Ta ce ka riƙa ɗiga magani safe da yamma, kada ka fasa ko rana ɗaya, da yardar Allah za a ga sauƙi."

Ya manta na yi lekkol, makarantar boko ta Faransanci, har aji shida. Na ji abin da ya tsallake. Na ji inda ta ce abin da ya tafi ya tafi. Na ji inda ta ce da shekara biyu da suka wuce na zo, da an tare shi. Ta faɗi sunan abin, ta rubuta shi a takarda. Ba zan sa shi cikin kayen nan ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya saka." Shi ma ya ce amin. Muka fito kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarya har bakin farmasi.

Asabar, 10 ga Janairu, sha biyu

Gwamma ke ɗiga mini maganin. Yana da zafi. Ba ta tambaye ni abin da aka ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Litinin, 12 ga Janairu, ƙarfe biyu

Gidan Alhaji sun aiko da kuskus da naman akuya, wai yau sabuwar shekararsu ta manoma. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce rana ta soma tsawo, an kusa fita. Gwamma ma ta ce jiya sai biyar saura kwata ta faɗa bayan dutse.

Wata guda ina jiran wannan labari. Ga shi ya zo.

Laraba, 14 ga Janairu, hantsi

Ta soma takawa da sanda. Tana biyo ni garka ta zauna kan dutse, tana cewa ga ciyawa can ka bari, ga akuya ta shigo ta bayanka. In wani ya doso sai ta yi tari, in juyo in gaishe shi tun bai yi magana ba. Mun zama ɓarayi biyu a garkar da na raya da hannuna.

Alhamis, 15 ga Janairu, bayan la'asar

Yau ƙafar ta kumbura, ba ta fito ba. Ruwa ya zo, na buɗe, na tsaya ina jin ƙararsa ina ganin ya shiga fangalin farko. Ashe bakin hanyar ruwa ya ɓalle ta hagu. Awa biyu cur ruwan Alhaji na zuba cikin rairayin kwari, alkama na tsaye da ƙishi, ni kuma ina tsaye kusa da ɓarakar da hauya a kafaɗa. Maƙwabci ne ya gani da ya zo karɓar ruwansa. Ya dube ni ya dubi wurin.

Sai bayan kwana tara ruwa zai sake zagayowa.

Juma'a, 16 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Ban jira a kira ni ba. Bayan masallaci na bi Alhaji Akhamuk gida. Ya shimfiɗa mini bargo a rana, ya hura gawayi, ya ɗora shayi. Na ce, "Alhaji, ba haƙori ba ne."

Ya ce, "Na sani. Mai ciwon haƙori yana amsa gaisuwa."

Na gaya masa komai, har da hauyar. Shi kaɗai na gaya wa abin da likita ta ce, yadda ta faɗe shi. Bai katse ni ba. Ya tsiyaya na farko, muka sha. Ya tsiyaya na biyu. Da zai ba ni sai ya kamo hannuna ya sa kofin a ciki, ya naɗe yatsuna a kai. Wannan ya fi mini ciwo da duk abin da zai faɗa.

Ya ce, "Inabin can da ɓauren can, kai ka dasa su. Ba zan ce ka tashi ba. Ka zauna har a yanke alkama, ɗakin naka ne. Amma garka ba ta jira, Sadiƙu. Zan kawo mutum."

Na ce gaskiya ne. Na gode masa. Na sha na uku ban ji zaƙinsa ba.

Lahadi, 18 ga Janairu, azahar

Ban fita ba. Na ce mata sanyi nake ji.

Litinin, 19 ga Janairu, azahar

Ban fita ba.

Laraba, 21 ga Janairu, ƙarfe ɗaya

Mutumin ya zo. Sha'ibu sunansa, daga wajen Tasawa, magidanci ne mai ƴaƴa huɗu a gida, ya gaji da aikin gini a gari. Yana da ladabi, Baba yake ce mini. Na zaga da shi na nuna masa inda ƙasa ke shan ruwa da yawa, da inda sanyi ke fara kwanciya, da itacen mishmish ɗin da ba a taɓa shi da almakashi sai ya huda. Na kama reshen inabi na nuna masa inda ake yankewa, ido biyu daga gindi. Yatsuna sun san wurin.

Ya ce, "Baba, ai kai ko ido rufe za ka yi aikin nan."

Bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa. Gwamma da ke bayanmu ta ce ana kiranta a gida, ta juya da sandarta.

Asabar, 24 ga Janairu, hantsi

Mansura ta sauka jiya da asuba. Ita ce ƴarmu ɗaya da ta rayu, tana aure a Mirriya, shekara biyar ba haihuwa sai yanzu. Namiji. Ita da shi lafiya.

Mijinta ya turo hoto a waya. Gwamma ta yi guɗa har awaki suka firgita, ta miƙo mini. Na fita rana na riƙe wayar dab da fuska. Na ga kunne. Na matsar da ita na ga baki. Na sake matsarwa na ga ɗan hannu a dunƙule da bakin zane. Na koma neman kunnen na rasa shi. Na daɗe ina yawo da wayar sama da ƙasa, ban iya haɗa su sun zama fuska ba.

Ta ce, "Wa ya ɗebo?"

Na ce, "Ke."

Ta ce, "Goshinka ne, Malam. Sak."

Lahadi, 25 ga Janairu, ƙarfe biyu

Yau layin kayen nan ma sai na bi da yatsa. Satin da ya wuce ba haka ba ne. Ko haka ne, ban sani ba.

Alkama sai watan huɗu. Na ƙirga a zuci, wata uku ke nan. Ba wanda ya ce mini ina da wata uku.

Litinin, 26 ga Janairu, sha biyu

Na je na sallami Alhaji. Ya ce in dakata sanyi ya sauka, hanyar hamada ba ta da daɗi yanzu, ga ƙafar Gwamma. Na gaya masa dalili. Ya ce motar albasa za ta tashi Laraba, zai yi wa direba magana a ba mu gaba. Abdulnasir zai samo mini maganin da zai kai ni damina. Bayan nan ban sani ba. Ban san abin da zan yi a Mirriya ba, ban san wanda zai ciyar da wa ba.

Gwamma na ɗaure kaya. Tukwane biyu, barguna, buhun busasshen ɓaure da matar Alhaji ta ba ta. Hauya da almakashi na bar wa Sha'ibu.

Ta kira Mansura ta ce muna tafe, suna zai wuce mu amma muna tafe. Na ji muryar yarinyar tana murna, tana tambaya me Baba yake so a tanadar masa, fura ko tuwon gero. Gwamma ta rufe wayar da hannu ta ce, "Me zan ce mata?"

Na ce, "Ce mata ko da wane lokaci muka iso, kada ta miƙo mini shi cikin ɗaki. Ta bari sai rana ta take, ta fito mini da shi tsakar gida."